Mai Kaɗa Alkyabbar Kyaftin Talotalo

A unguwarmu ta kudancin Atlanta, in ka ji wani yana ba da labarin yadda ya koya wa manyan 'yan fim tafiya, kada ka wahalar da wuyanka wajen waiwaye, Delmar Pickett ne. Dogo ne siriri, yana da gashin baki da yake tajewa safe da yamma. Tun yana saurayi yake bin masu ɗaukar fim daga wannan layi zuwa wancan, ga shi har furfura ta fara leƙowa. Ya fito a finafinai da dama, in dai za a kira wannan fitowa. A wani an ga ƙeyarsa a cikin jirgin ƙasa. A wani kuma gawa ce shi, an lulluɓe shi da zanin asibiti har ka, amma ya ce duk wanda ya san aikin ya gane kwanciyar ƙwararre ce.

Matarsa Vernetta nas ce, ita ke riƙe da gidan. Mace ce mai haƙuri, sai dai haƙurin nata ya daɗe da sirancewa. Yayanta Roscoe yana da shagon taya a bakin babban titi, kuma shekara da shekaru yana cewa akwai gurbin Delmar a shagon duk ranar da ya dawo hayyacinsa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, suna zaune su uku a kan gasasshen haƙarƙari da burodin masara, sai Delmar ya ajiye ƙashi, ya goge baki, ya ce an ɗauke shi a fim ɗin Kyaftin Talotalo.

Garin duka ya san da zancen fim ɗin. Na dariya ne, labarin wani mai kiwon talotalo da tsawa ta faɗa masa yana rungume da tsuntsu, ya tashi da ikon shawagi a sama. Matsalarsa ɗaya, ba ya wuce tsayin rufin gida, kuma da ka yake sauka. Chet Lindqvist ne jarumin, wani kyakkyawan saurayi da hotonsa ke jikin kowace bas.

Vernetta ta ce, "Za a ga fuskarka?"

"Netta, jarumin ba ya motsi sai da ni."

"Fuskarka na tambaya."

"Duk inda ya sa ƙafa ina bayansa."

Roscoe ya ce, "Ni ma karena haka yake yi min, suruki."

Vernetta ta ture farantinta. Ta ce ta gaji, kuma da gaske take. Ta gaji da kai ƙawayenta sinima su je kallon ƙeya. In fuskarsa ta fito a wannan fim, ido da hanci da baki, ya ci gaba da sana'arsa har tsufa, ba za ta ƙara cewa uffan ba. In ba ta fito ba, shagon Roscoe ne, kuma babu wani ja-in-ja.

Delmar ya miƙa wa Roscoe hannu yana dariya, ya ce ya nemi wani ya ba shi gurbin tun da wuri, don shi nan gaba ko mota zai kawo faci sai da masu tsaron lafiyarsa.

Kafin gari ya waye shagon aski ya ɗauka. Delmar ya zauna a kujerar tsakiya ba don aski ba, ya bayyana musu cewa darakta da kanta ta zaɓe shi cikin dubban mutane, wai da ganin tsayinsa ta ce a rufe ƙofa, an samu. Wannan ɓangaren gaskiya ne. Dogon mutum suke nema.

Ranar fara aiki aka tura shi wurin Madam Eudora, dattijuwar da ke kula da tufafin 'yan wasa. Ta dube shi sama da ƙasa ta bisa gilashinta, ta miƙa masa wani ɗan ƙullin yadi kore shar da bai fi safar ƙafa girma ba.

Ya ce, "Hular ce wannan, Madam?"

"Kayan ke nan duka. Yana miƙewa."

Riga ce haɗe da wando da safar hannu da ta ƙafa, ga kuma hula daban mai rufe kai har fuska, sai 'yar raga a daidai ido don mutum ya ga hanya. Aikinsa shi ne ya riƙa bin Kyaftin a guje yana kaɗa masa alkyabba ta baya, don a ga kamar iska ce ke ɗaga ta.

"To a ina za a ga fuskata?"

"Ba za a gani ba, ɗana. In an gama ɗauka, masu kwamfuta za su goge duk wani abu kore. Kai iska ce."

Hankalin Delmar ya tashi ƙwarai, don ya hango kansa tsugune gaban taya Roscoe na tsaye a kansa. Amma mutumin naku ba ya daɗewa cikin damuwa. Kafin ya gama cusa ƙafa ta biyu a cikin kayan ya riga ya gano inda kwamfuta take da rauni. Kore take gogewa. Ashe duk abin da ba kore ba, dole ta bar shi.

Washegari ya shigo fili da sarƙar zinariya a wuya, a bisa koren kayan. Dabarar ita ce a fara da ƙaramin abu, in sarƙa ta wuce, sai fuska ta biyo baya. Aka ce akshin, wato a fara, Kyaftin ya ruga, alkyabba ta kaɗa, sarƙa tana ta walƙiya a baya.

Darakta, Madam Quintero, gajeriyar mace ce da ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ko da yake fim ɗin dariya take yi. Ta ce kat, wato a tsaya, ta ci gaba da kallon ƙaramin talabijin ɗin da ke gabanta.

"Wa ya sa wa iska sarƙa?"

Delmar ya matso. "Ranki ya daɗe, na ga kamar iskar tana bukatar ɗan armashi."

"Cire."

Ya cire. A shagon aski ya ce musu shi da darakta suna ta musayar shawara kan yadda za a fito da shi.

Bayan kwana biyu ya samu almakashi ya huda hular a daidai baki, gashin bakinsa ya leƙo waje tsaf, a taje. Ya lissafa cewa ko shi kaɗai ya fito, duk Atlanta ta san mai shi, kuma gashin baki ai fuska ce. Madam Eudora ba ta yi masa faɗa ba. Ta yanko koren salatif ta manna a wurin, ta danna da babban yatsa sosai. Da yamma da aka zo cirewa, salatif ya tafi da rabin gashin, ɓangaren hagu.

Mai aski ya daɗe yana kallonsa. "Delmar, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Aikin ne ya bukaci haka. Manyan 'yan wasa har ƙiba suke yi saboda fim."

"To a daidaita maka ɗaya ɓangaren?"

"Kada ka taɓa. An riga an ɗauka a haka."

Daga nan ya koma wa murya. A wata fitowa Kyaftin ya faɗo da ka cikin kwandon shara, wuri ya yi tsit kamar yadda aka tsara, sai aka ji daga bayan alkyabba an ce, "Sannu da sauka, Kyaftin." Mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa ya ce iska ta yi magana. Chet ya fito da kai daga kwandon, ɓawon ayaba a kafaɗa, ya ce, "Na gode, ɗan'uwa." Yaron yana da kirki, sai dai har aka gama fim ɗin bai san akwai wani mai suna Delmar ba.

Madam Quintero ta kira shi gefe. "Malam Pickett, ka taɓa jin iska ta gaida mutum?"

"A fim ɗin dariya komai na iya faruwa, ranki ya daɗe."

"Har da korar ma'aikaci."

A ranar, bayan ya tafi gida, Madam Eudora ta ɗauki allura da zare mai ƙwari ta ɗinke hular a jikin wuyan rigar, zagaye biyu. Daga nan sai ta zif ɗin baya ake shiga a fita, kuma ita ke zugewa. Delmar bai lura ba, don hankalinsa yana kan babbar dabararsa.

Fitowa ta ƙarshe a layinmu za a ɗauke ta, daga gidan wanki zuwa shagon aski. Aka rufe titi, aka kawo mota mai dogon wuya wadda za ta rataye Chet da siraran wayoyi ta ja shi a sama, aka jera manyan fankoki, aka kafa rumfar tumatir ta ƙarya a ƙarshen layi. Mutanen unguwa aka ɗauka su zama taron jama'a. Aka tara su aka karanta musu doka. In fashewa ta tashi su ruga da baki buɗe kamar suna ihu, amma kada wanda ya fitar da sauti ko na tari, don daga baya ake saka ihun. Kuma komai ya faru, ko sama za ta faɗo, ba mai tsayawa sai darakta ta ce kat.

Vernetta ta zo da kayan aikinta, daga asibiti take. Roscoe ya rufe shago ya zo. Matan coci suka sha huluna kamar ranar Ista.

Delmar ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin koren kayansa yana raɗa musu, "Ku zuba ido a bayan Kyaftin. Abin da za ku gani yau har jikokinku sai sun ji labarinsa."

Roscoe ya ce, "Wace ce wannan ɗanyar kubewar mai muryar surukina?"

Tsarin mai sauƙi ne. A daidai ƙofar shagon aski kyamara ta fi kusa. Can zai fizge hular, ya juyo, ya yi murmushi. Fashewar sau ɗaya aka tanada, motar da za a ƙona ma ɗaya ce, saboda haka ba damar sake ɗauka. Dole su bar shi a ciki.

Aka ce akshin.

Chet ya taso daga gidan wanki yana shawagi daidai tsayin mutum, fuka-fukan kayansa a buɗe, jan tukkun talotalo yana lilo a haɓarsa. Delmar na biye a guje yana kaɗa alkyabba. Suna isa ƙofar shagon aski ya sa hannu ɗaya ya ja hula. Hula ta ce ba inda za ni. Ya ƙara ja. Ya saki alkyabba ya sa hannu biyu ya fizga da iya ƙarfinsa.

Ɗinkin Madam Eudora bai motsa ba. Hular ce ta murɗe, ragar ido ta koma kan kunnensa, duniya ta yi masa duhu. Kayan kuma da yake a haɗe suke tun daga ka har ƙafa, abin da aka ja a sama sai ya nemi biya a ƙasa. Aka ji kyaaat. Bayan wandon ya tsage daga ƙugu har cinya, gajeren wandonsa na ciki ya bayyana, ja wur, mai hoton ƙananan kifaye ruwan ɗorawa.

Alkyabbar da ya saki, fanka ta ɗebe ta ta kifa wa Chet a ka. Yanzu makafi biyu ne ke tsere a kan titi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Delmar ya miƙa hannu yana laluben alkyabba, ya damƙi abin da ya samu, ashe idon sawun Chet ne. A daidai lokacin mai motar, wanda shi ma dokarsa ɗaya ce, ya ɗaga wuyan motar kamar yadda aka tsara.

Suka yi sama su biyu.

Kowa ya juya ya dubi Madam Quintero. Tana zaune, haɓa a tafin hannu, ido a kan talabijin ɗinta. Ba ta ce kat ba.

Tun da ba ta ce ba, mai fashewa ya danna abinsa, motar da aka tanada don ƙonawa ta kama da wuta. Mutanen unguwa suka ruga da baki buɗe. Sai dai abin da ke fuskokinsu ba tsoro ba ne. Matan coci suna gudu suna riƙe ciki, hawaye na zuba, ba sauti. Fasto ya durƙusa a bayan wata mota kafaɗunsa na rawa. Roscoe ya cusa hularsa a baki ya cije. Vernetta kaɗai ce ba ta gudu ba. Tana tsaye a tsakiyar titi tana kallon kifayen da ta wanke da hannunta suna wucewa ta saman shagon aski.

Delmar yana ta harba ƙafafu a sama yana neman ƙasa. Chet daga cikin alkyabba yana tambaya ko wani ne ya riƙe shi. Motar nan mai dogon wuya ta kai su ƙarshen layi ta sauke su cikin rumfar tumatir, Chet da ka, kamar yadda aka rubuta, Delmar a kansa, kamar yadda ba a rubuta ba.

Madam Quintero ta bari tumatir na ƙarshe ya gama gangarawa. Sannan ta ce, "Kat."

Dariyar da aka danne ta fashe gaba ɗaya, har karnukan layin baya suka kama haushi. Madam Eudora ta zo ta zuge zif ta fito da kan Delmar, ta ɗaura masa tawul a ƙugu. Ya je gaban darakta yana ɗingishi, a shirye ya ji kora.

Ta ce, "Ba za mu sake ɗauka ba. Ya yi."

Kafin ya isa wurin Vernetta kafaɗunsa sun dawo daidai. "Kin ji da kunnenki. Ɗauka ɗaya. Akwai manyan da sai an yi musu ashirin."

"Ƙulle tawul ɗinka," in ji ta.

Watannin da suka biyo baya Delmar ya cinye su a shagon aski yana bayanin yadda ya tsara abin tun daga farko. Da aka tambaye shi ko fuskar ta fito, sai ya ce masu kwamfuta suna da dabarun da talaka bai sani ba, suna iya cire hula daga baya, kuma ba wanda zai zubar da irin wannan aiki. Ya faɗa har shi ma ya yarda.

Ranar da fim ya fito ya yi hayar kwat, ya gayyaci unguwa kaf zuwa sinimar bakin kasuwa, kallon rana, ya zauna a layin gaba tsakanin Vernetta da Roscoe. Aka fara. Kyaftin ya ruga, alkyabba tana kaɗawa gwanin kyau, bayansa wayam.

Delmar ya ce, "Ga ni can."

Roscoe ya ce, "Ina?"

"Ba ka ga yadda alkyabbar ke tashi ba? Hannuna ne."

"Wallahi ka rame, suruki."

Haka aka yi ta tafiya har aka zo layinmu. Ga gidan wanki, ga shagon aski, mutane suna ta nuna kansu a allo. Kyaftin ya taso, alkyabba ta rufe masa kai, ya yi sama. Masu kwamfuta sun yi aikinsu tsakani da Allah, sun goge kore tas. Abin da ba kore ba kuma sun bar shi, kamar yadda Delmar ya lissafa tun farko. A bayan Kyaftin Talotalo, a sararin sama, ga jan gajeren wando mai kifaye shi kaɗai, ba ƙafa ba gangar jiki, yana binsa yana karkaɗawa. Har an ƙara wa Kyaftin magana, muryarsa na rawa yana cewa, "Wandon wane ne ke bina?"

Sinima ta kife. Wata tsohuwa daga layin baya ta ɗaga murya ta ce, "Ai na san wandon nan. A igiyar shanyar Vernetta yake kwana."

A waje Delmar ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa. Mutane suna dafa kafaɗarsa suna share hawaye, wasu suna neman ya juya a ɗauke su hoto da shi. Da aka watse ya dubi Vernetta.

"Kin ga yadda na tashi gidan nan."

"Na gani."

"Ni ne a cikin wandon, Netta. Kowa ya shaida."

"Fuska na ce, Delmar. Ido da hanci da baki."

"Wa ke kallon fuska a zamanin nan?"

"Ni."

Tausayinsa ya kama ta, don ta san tun yana yaro abin nan kaɗai yake so a duniya, kuma ta san ya gane an zo ƙarshe. Ta gyara masa wuyan kwat ɗin hayar, ta riƙe hannunsa har mota. Amma ba ta janye maganarta ba.

Litinin ya fara aiki a shagon Roscoe. Fim ɗin kuwa ya karɓu fiye da zato, kuma wandon ne ya ɗauke shi. Yara suna sa irinsa a bisa kayan makaranta. Delmar yana kwance taya yana gaya wa masu motoci cewa hutu yake yi tsakanin finafinai biyu.

Wata rana da hantsi wayarsa ta yi ƙara, ya ga lambar kamfanin fim. Ya goge hannu a hankali, ya buɗe muryar wayar yadda Roscoe da duk masu jiran faci za su ji. Madam Eudora ce.

"Ɗana, za a yi kashi na biyu."

Delmar ya dubi Roscoe. "Na san za ku neme ni, Madam. Sai dai yanzu ina da sharuɗɗa."

"Wandon yana nan?"

"Yana nan lafiya."

"To shi muke so. Mun ɗinka wasu, darakta ta ce ba su da wannan koɗewar. A kawo shi yau."

"Ni kuma yaushe zan fara?"

"Ba sai ka wahala ba. Mun samu koriyar sanda, a kanta za a rataye shi."

"Madam, wando irin wannan ba ya wasa sai da mai shi a ciki."

"Mun gwada sandar da wani wandon. Tana jin magana."

Ta kashe waya. Delmar ya nemi izinin fita, Roscoe ya ce ya gama tayar da ke hannunsa tukuna.

Vernetta ta goge wandon ta sa shi a maratayi. Delmar ya taje gashin baki, ya ɗora wandon a kujerar gaba, ya tuƙa har ƙofar kamfanin, inda ya shafe rabin rayuwarsa yana shiga da fita. Mai gadi ya leƙo, ya ga kifayen, fuskarsa ta washe. Ya karɓi maratayin da hannu biyu, ya manna wa wandon katin shiga a ƙugu, ya kira wata 'yar ƙaramar mota ta zo ta ɗauke shi.

Delmar ya sa giya zai bi bayansu. Mai gadi ya sauke sandar ƙofa.

"Direba a waje yake jira," in ji shi.